Harshen da Baba Bai Taɓa Rubutawa a Allo Ba

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, layinmu na Nyanya ya cushe har 'yan acaɓa suka daina shigowa, sai dai su sauke mutum a bakin titi ya ƙaraso da ƙafa. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, haka kowa ya faɗa mana, mu ma muka faɗa wa juna. Ni ina cikin gida tare da mata, amma tagar ɗakin Mama tana kallon rumfar da aka kafa wa maza, don haka duk wanda ya zo gaisuwa ina jin muryarsa ko ban ga fuskarsa ba.

Akwai tsofaffin daraktoci masu ritaya, waɗanda Baba ya koya wa Turanci tun suna 'yan makarantar kwana, kafin aiki ya dawo da shi Abuja ya riƙa horar da ma'aikatan gwamnati rubutun ofis. Akwai direbobin tasha da kayan aikinsu a jiki. Akwai maƙwabtanmu Kiristoci da suka zauna a gefen tabarma suna ɗaga hannu duk lokacin da aka ɗaga. Bayan wata doguwar addu'a wuri ya yi tsit, sai na ji wani dattijo ya gyara murya ya ce, da irin waƙar da yara ke yi a aji, "I go, thou goest, he goeth." Wani daga can ƙarshen rumfa ya karɓa, "We go, ye go, they go." Dariya ta ɓarke.

"Haba jama'a, zaman makoki fa muke," in ji wani.

"Ai shi ya sa," in ji wanda ya fara. "Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin allin nan a hannun Malam, yana..."

Bai ƙarasa ba.

Can da yamma wani direba ya tsaya a bakin labule ya gai da Mama. "Mama, sannu da haƙuri. Oga Ticha ya tafi ya bar mu. Ni da ban san ko A ba, yanzu ni ne ina karanta takarda na kamfani ma sauran direba." Mama ta gyaɗa kai kawai, carbinta yana tafiya a hannu.

Kusan kowa da magana ɗaya yake rufe gaisuwarsa: Allah ya ji ƙan mai harsuna. Ni kuwa duk sanda aka faɗi haka sai in ji kamar an taɓa mini gyambo. Mutumin nan da ya iya Hausa da Turanci da Larabci da Faransanci, ya kuma tsinci Yarbanci a ofis, ya yi makonninsa na ƙarshe yana yi mana magana, matarsa da 'ya'yansa muna tsaye a kansa, babu wanda ya san abin da yake cewa. Ni ce 'yarsa ta biyu, tsakanin Yaya da Auta. Na zauna rubuta wannan ne don kada a tuna da rabin Baba a bar rabi.

A falonmu baƙin allo ne a bangon da wasu ke rataye hoton aure. Mama ta yi mita har ta gaji, ƙurar alli tana ɓata mata kujeru, allo bai motsa ba. Ranar Asabar da safe, da an gama koko da ƙosai, Baba zai miƙe ya ja layuka a tsaye, ya rubuta a saman kowane gida: Hausa, Larabci, Faransanci, tsohon Turanci, Turancin yau. Abin ƙaunarsa a duniya shi ne wakilin suna, wato ƙananan kalmomin nan irin su ni da kai da ita, sai kuma yadda aikatau ke sauya kama idan ya biyo su. Wasu iyayen ƙwallo suke kallo ranar hutu, mu namu uban wannan ne ƙwallonsa.

"Ku dubi Balarabe," yakan ce, yana buga allo da bayan yatsa. "Namiji ɗaya anta, mace ɗaya anti, mutum biyu antuma, taron maza da nasu, taron mata da nasu. Bahaushe yana da kai da ke da ku. Bature fa? You. Sarki you, akuya you, mutum ɗaya you, kasuwa guda you. Da can yana da thou da thee da ye, ya bi ya zubar da su, kamar mai ƙaura da motar ta yi masa kaɗan."

Daga nan sai ya koma kan aikatau. Ya nuna mana yadda tsohon Turanci ke maƙala masa jela, thou goest, he goeth, da yadda jelunan suka guntule har saura ɗan s ɗin nan na he goes. "Shi ma ɗin," in ji shi, "rabin ma'aikatan da nake horarwa sun rantse ba za su rubuta shi ba." Bafaranshe kuwa, a cewarsa, marowaci ne, ya rubuta jela iri-iri amma ya haɗiye rabinsu wajen furtawa. Idan ya zo gidan Hausa sai fuskarsa ta saki. Na tafi, zan tafi, nakan tafi. "Kun gani? A wurinmu aikatau zaune yake abinsa, wakilin suna ne ɗan dako, shi ke ɗaukar jiya da gobe a ka." Auta takan yi barci a kujera, Yaya yana satar kallon agogo. Ni ce mai gardama, shi ya sa ya fi jana a jiki, shi ya sa kuma muka fi yin faɗa.

Da Mama ma sun sha yi, kuma a kan abu guda. Mama Bakanuwa ce, ta horar da mu cewa ba a ce wa uba kai. In baƙo ya tambaya, sai mu ce Baba sun fita. Baba in ya ji sai ya leƙo ya ce, "Ni da wa? Ni kaɗai na fita, ni kaɗai kuma na dawo." Sannan ya zaunar da ita ya yi mata bayanin cewa ta haka Bature ya rasa thou: kowa yana so a girmama shi da jam'i, har kalmar kusanci ta koma raini, aka daina faɗinta ko ga ɗan cikinka.

"To Malam, sai in zuba ido yara su dinga ce maka kai kamar sa'ansu?"

"Allah ma kai muke ce masa in muna roƙo, Hajiya. Ban fi shi ba."

"Ka ji ka kuma. Ni dai ba da ni za a lalata tarbiyya saboda Bature ya zubar da kayansa ba."

Ba wanda ya ci nasara. Muka tashi muna ce masa ku a gaban Mama, kai in ta shiga kicin.

Sau ɗaya na ga ya yi wa Yaya faɗa na gaske. Wani maƙwabcinmu ne ya zo da murna yana cewa matarsa ya haihu, yarinya ne, Yaya ya ƙyalƙyale da dariya. Baba ya bari mutumin ya tafi, sannan ya ce, "Wannan da kake wa dariya harshe huɗu gare shi, Hausa ce ta huɗun. Kai nawa gare ka? Abin da ya yi wa Hausa shi kakannin Bature suka yi wa Turanci, ga shi yau kana sa taye kana alfahari da shi." Hausar Abuja ba ta taɓa ɓata masa rai ba. Turancin tasha ma yana girmama shi, don ya ce masu cewa una sun mayar wa Turanci jam'in da masu shi suka yar. Bayan ya yi ritaya, a tashar nan ta Nyanya yake yin yammacinsa, a kan benci, da ƙaramin allo a cinya, direbobi da kwandastoci kewaye da shi. Bai taɓa karɓar komai a hannunsu ba, in ban da rake da suke tura masa a aljihu.

Gida ɗaya ne bai taɓa ja a allon nan ba. Mun san mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka ko da yake ba mu riske ta ba, ba Bahaushiya ba ce. 'Yar wani ƙauye ce a cikin duwatsu, kudu da nan, masu ƙaramin yare da ba a jinsa a rediyo. Kakanmu ɗan kasuwa ne, ya aure ta a can, Baba ya tashi a hannunta har ya isa shiga makaranta, sannan aka ɗauke shi zuwa arewa. Wata Asabar, ina aji na ƙarshe a sakandare, bakina ya kai ni.

"Baba, ina gidan yaren Kaka? Su yaya suke cewa ni da kai?"

"Ba ya cikin darasi."

"Ai Faransanci ma ba yarenmu ba ne, ga shi a allo."

"Na ce ba ya ciki."

"Kunyarsa kake ji ne?"

Ya kalle ni, ya ɗauki tsumma ya goge allon tas, har da abin da ba mu kwafa ba, ya shige ɗaki. Ya daɗe bai yi mini wasa ba. Daga baya Mama ta ja kunnena ta gaya mini abin da ta sani, kuma kaɗan ne. A makarantar kwana ana dukan wanda ya yi yare, a gidan dangin ubansa kuma ana yi masa dariya in ya yi, ana kiransa ɗan dutse. Yana can mahaifiyarsa ta rasu, ba a gaya masa ba sai da aka yi hutu. Tun daga nan ya rufe bakinsa da harshen. Mama ta ce duk zamansu ba ta taɓa jin ya furta kalma ɗaya da shi ba, ko cikin barci.

Ciwon ya same shi da yamma, yana ɗaura agogo zai fita tasha. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Da ya farfaɗo a asibiti ya buɗe baki, muka matso da murna, sai muka ji abin da ba Hausa ba, ba Turanci ba. Da fari mun ɗauka harshensa ne ya yi nauyi. Auta ta ce sambatu ne. Mama ce ta saurara da kyau, ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan magana ce. Yaren uwarsa ne." Likita ya ce hakan na faruwa, wani lokaci ciwon yakan rufe harsunan da mutum ya koya daga baya ya bar na farko. Muka tambaye shi ko Baba yana gane abin da muke faɗa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce da wuya a sani, kada dai mu sa rai da yawa. Fatiha da kalmar shahada ne kawai ba su bar bakinsa ba, su kam suna fita sumul.

Muka dawo da shi gida. Na ba shi alli a hannun hagu, ya riƙe, ya kalli allo, ya ja wani karkataccen layi, allin ya faɗi. Mun gwada nuni, mun gwada a gyaɗa kai in e ne, amma kansa yana rawa, ba ka bambance e da a'a. Yana magana, yana maimaitawa, yana ɗaga murya, idonsa yana bin mu ɗaya bayan ɗaya. Mu kawo ruwa, ya kawar da kai. Mu gyara filo, mu kunna fanka, mu kashe fanka. In ya gaji sai ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Ban taɓa jin rashin amfanina irin na kwanakin nan ba. Ga digiri a bango, ga mota a waje, ga ubana yana roƙona wani abu, ni kuwa ina tsaye kamar turmi.

Muka shiga nema. Dangin uba da ke Kano suka ce su ba su taɓa sanin ko sunan yaren ba. Mama ta tuno sunan ƙauyen, amma da Yaya ya bincika aka ce mutanen sun daɗe da saukowa daga dutsen sun watse. Na ɗauki muryar Baba a waya na kai Kwali, wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane da Mama ke sayen randa a hannunta. Ta kara wayar a kunne, ta kira maƙwabta suka saurara, suka ce ba nasu ba ne, ba kuma na kusa da su ba. Yaya ya zagaya tasha yana kunna wa duk wanda ya fito daga kudancin Kaduna ko Filato ko Nasarawa. Kowa ya saurara da tausayi, ya girgiza kai, ya ce a gwada wane.

A cikin wannan hali muka yi abin da sai 'yan gida irin namu za su yi. Mu a gidanmu Turanci shi ne harshen sirri. Baba da kansa ya saba mana: in baƙi sun zo daga ƙauye ana so a yi maganar da ba za su ji ba, sai a juya harshe. Abin ya zama mana jiki, ba ma ko lura. To da Baba ya koma kwance yana yaren da ba mu sani ba, sai kanmu ya ajiye shi a layin baƙin ƙauye. A bakin gadonsa, da Hausa muke ce masa sannu, da Turanci muke tattauna shi. A nan Yaya ya maimaita mana abin da likita ya gaya masa a keɓe, cewa zuciyar ta gaji, ba a sa ran tashi. A nan muka yi ta jayayya ko a ɗauke shi a mota a kai shi Kano ya cika cikin dangi, ko a bar shi. Duk da Turanci, a gaban mutumin da ya koya mana shi.

Maƙwabciyarmu Maman 'Yanbiyu ce ta kawo mafita. Ta kai maganar cocinsu, aka yi sanarwa bayan addu'a, wani ya san wani, har aka dangana da wata mata mai gyaran kifi a kasuwar Kado, wadda aka ce iyayenta daga wancan dutsen suka sauko. Na je na same ta a bakin teburinta, hannunta duk ɓawon kifi. Na kunna mata wayar. Ta ce hayaniya ta yi yawa, kuma bakin mai maganar ba ya fita, amma ta ji kalma biyu da ta sani. Ta wanke hannu ta bar wa 'yar'uwarta teburin ta biyo ni.

Da ta shiga ɗakin ta durƙusa ta gaishe shi da yaren. Ban san yadda zan kwatanta fuskar Baba ba. Gefen da ke motsi ya yi dariya, ɗayan yana nan yadda yake, ya miƙa mata hannun hagu yana magana da sauri kamar mai tsoron za ta tashi. Ta matsa kusa tana kallon leɓɓansa. Mu muna jingine da bango, Mama da Yaya da Auta da ni, baƙi a ɗakin ubanmu.

Da ya tsagaita ta juyo. "Anti, magana nashi tsoho ne. Irin na kakana ne, mu yanzu ba mu faɗi haka. Kuma kamar yaro ƙarami yake yi. Rabi ina ji, rabi ban ji ba."

"Faɗa mana rabin," in ji Mama.

Matar ta kalli Yaya, ta sunkuyar da kai. "Ya ce yana ji ku. Duka. Hausa da Turanci, babu wanda ya ɓace a kunne nashi, baki ne ya ƙi. Ya ce ya ji abin da likita ya faɗa. Ya ce kada a sa shi a mota." Ta ƙara saurarawa. "Ya ce ku daina magana nashi kamar ya riga ya tafi. Ku yi magana da shi."

Yaya ya fita daga ɗakin, na ji shi a bayan gida yana kuka irin na manya, wanda ba ya fita da sauti sosai. Mama ta zauna a bakin gado ta kama ƙafar Baba ta ce, "Malam, ka yafe mana." Ya motsa yatsun ƙafar a hannunta.

Daga ranar muka gyara abin da za mu iya. Ba a sake maganar Kano ba. Mukan zauna mu ba shi labarin unguwa da na tasha, Auta tana karanta masa jarida, in ta yi kuskuren Turanci ya ɗaga gira, mu yi dariya. Amma hanyar ɗaya ce, daga mu zuwa shi. Matar Kado tana da 'ya'ya da sana'a, ba kullum take samun zuwa ba, kuma ta waya ba ta ɗaukar komai, sai tana ganin bakinsa. Duk zuwan da ta yi, Baba yakan fara wata doguwar magana yana nuna mu da ido, sai numfashi ya gaza masa, ko ita ta ɓace a tsakiya. Ta ce akwai abin da yake son ya bar mana, ta kasa kamo kansa. Wata rana kafin ta tafi ta koya mini kalma ɗaya, gajeriya, wadda yaro ke amsa wa babba da ita, ma'anarta na ji, zan yi. Ba zan rubuta ta ba, don ban san yadda ake rubuta ta ba.

Ranar ƙarshe tun azahar numfashinsa ya sauya. Yaya ya ɗauki mota ya tafi Kado ɗauko ta. Duk wanda ya san Abuja ya san abin da ake nufi da fitowa daga gari zuwa Nyanya lokacin tashin ma'aikata. Suka shiga gosulo tun kafin gangaren Kugbo, Yaya yana kira yana cewa ko taku ɗaya ba a yi, ya nemi acaɓa babu. Mama ta shiga yin la'asar, Auta ta fita karɓo magani. Saura ni.

Baba ya buɗe ido ya kamo wuyan hannuna da hannun hagu, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Ya fara magana. Wannan karon ba sauri, ba ɗaga murya. A hankali, dalla-dalla, yana tsayawa yana kallona, kamar yadda yake yi in yana so a riƙe abu. Wayata tana caji a falo. Na yi yunƙurin tashi in ɗauko, ya ƙara damƙe ni. Na ce, "Baba, ka jira, suna hanya, sun kusa." Ya girgiza kai, wannan karon a fili, ya ci gaba. Na ji ya ambaci sunan Auta a ciki, na ji na Mama, sunanta na yanka da bai taɓa kira a gabanmu ba. Sauran duk ya wuce ni. Na buɗe kunnena iya ƙarfina ko zan haddace sautin, yana shiga yana zubewa.

Da ya kai ƙarshe ya yi shiru yana jira. Idonsa a kaina, yana jira. Ba ni da komai a hannu sai kalmar nan ɗaya. Na faɗe ta.

Ya saki ajiyar zuciya, yatsunsa suka sassauta. Ya ƙara wata 'yar gajeriyar magana, na sake faɗin kalmar. Daidai nan Mama ta shigo da hijabinta, ta gan mu, ta zauna ta ɗora hannu a goshinsa tana karanta masa kalmar shahada, ya bi ta har ƙarshe. Kafin a kira magariba ya cika. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da mahaifiyarsa a inda ba a bukatar tafinta.

Su Yaya sun iso an riga an rufe shi da mayafi. Matar Kado ta ja ni gefe ta ce in maimaita mata ko kaɗan daga abin da na ji. Na gwada. Na haɗa sautuka uku ko huɗu yadda kunnena ya riƙe, ta sa na sake, na sake, ta girgiza kai tana hawaye ta ce wannan ba kalma ba ce.

Bayan an yi addu'ar uku, mutane sun ragu, Mama ta kira ni ɗakinta ta ce in rufe ƙofa.

"Na shigo na tarar kina amsa wa Malam. Me ya ce miki?"

"Mama, ban sani ba."

"Amma na ji kin amsa."

"Kalma ɗaya na iya. Na ce masa na ji, zan yi."

Ta daɗe tana kallona. Na zaci za ta yi faɗa, na ma fi son ta yi.

"Shi ya yarda kin ji?"

"Ya yarda."

"To, alhamdulillahi," in ji ta. Ta juya fuskarta bango ta ja mayafi.

Na fito na zauna a falo. Na yi wa ubana alkawari yana bakin mutuwa, akwai Mama a ciki, akwai Auta, kuma har yau ban san abin da na ce zan yi ba.